Robar NBR da robar EPDM: wace ce ke jure fetur, wace ce ke jure man birki?

NBR da EPDM nau'o'in roba ne da ake yin zoben hana yoyon mai da su. A ido, zoben robar NBR da na EPDM iri ɗaya ne, duka baƙaƙe. Sai sun haɗu da mai ake gane bambancinsu, domin roba tana tsotse ruwan da sinadarinsa ya yi kama da nata, ta kumbura.

EPDM 'yar uwar fetur ce ta wannan fuskar. A jiƙa ta a fetur ko man inji, za ta yi suntum, ta yi laushi, ta fito daga gurbinta. Amma ga man birki na DOT 3 da DOT 4 da ruwan lagireto mai zafi, ita ce ta dace. Shi ya sa ɗigon man inji a tankin man birki yake da haɗari: robobin birki na EPDM su kumbura, fistin ya maƙale.

NBR kuwa ita ce ke jure fetur, domin tana ɗauke da wani sinadari mai suna akirilonaitiril, kashi 18 zuwa 50 cikin ɗari. Yawansa yana rage kumburi a fetur, amma yana sa ta sandare a sanyi. Asiton, sinadarin da ake narkar da fenti da shi, yana lalata ta. Fetur mai gaurayen itanol kuma yakan kumbura ta fiye da fetur zalla.

Kafin a ɗaura, a auna nauyin zoben, a jiƙa shi awa 70 a ainihin man, a goge, a sake aunawa; ƙarin nauyi alama ce ta tsotsi man.