Hattara da masu "hoton zafi" da ke yawo a masana'antun Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu injin niƙa, masu matsar man gyaɗa, masu ƙanƙara da ruwan leda, da duk mai akwatin rarraba wuta a wurin sana'arsa. Akwai wasu mutane da ke zagayawa cikin gari su biyu ko uku, da riga mai ƙyalli da hular kwano, suna cewa an turo su duba lafiyar wayoyin wuta da kyamarar da ke ganin zafi. Yau su ce daga kamfanin wuta suke, gobe su ce daga inshora. Takarda babu, sai daɗin baki. Kuma sun iya zaɓen lokaci, don da bazara suke fitowa, zafi ya haura digiri 40, zuciyar kowa na kan gobara.

Na ga aikinsu a wurin wani maƙwabcina mai ƙanƙara. An ɗauke wuta tun safe, janareta a kashe, ƙofar akwatin a kulle. Ɗayansu ya ɗaga wayar salula ya ɗauki hoto, ya juyo da ita, sai ga ja wur a tsakiya. "Alhaji, Allah ne ya kawo mu, wannan ba zai kai Juma'a ba." Nan take suka kwance masa makatsan wuta lafiyayyu (abubuwan da ke katse wuta da kansu idan ta yi yawa), suka ɗaura na jabu, suka karɓi jikka 80, suka kuma tafi da nasa wai za a lalata su. Abin ya ƙona mini rai, domin bawan Allah nan da bashi ya kafa wurin.

Shi kansa aikin na gaskiya ne, kuma yana ceton dukiya. Idan ƙusar da ke riƙe waya ta yi sako-sako ko mahaɗar waya ta yi tsatsa, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya ɗau zafi tun kafin ya yi baƙi ko ya yi wari. Kyamarar zafi irin ta kamfanin FLIR ko Fluke tana nuna wannan ba tare da an taɓa komai ba. Amma tana da sharuɗɗa, kuma a nan ake gane ɗan damfara.

Zafin saman abu kawai take gani. Ba ta ratsa ƙofar ƙarfe, ko gilashi ma ba ta ratsawa. Wanda ya ɗauki akwati a rufe, fentin ƙofa ya ɗauka. Sannan dole injina su kasance suna aiki, nauyin da ke kan layin ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da layin zai iya ɗauka, saboda wayar da ba ta ɗauke da wuta ba ta da dalilin yin zafi.

Maganar jan launi ita ce ta fi ruɗar mutane. Kyamarar tana raba launuka ne daidai da abin da ke gabanta: abin da ya fi zafi a cikin hoton shi ke zama ja ko fari, ko da digiri 30 ne kawai. Ka sa randa biyu a gabanta, wadda ba ta kai ɗayar sanyi ba za ta fito ja. Mai riƙe da ita kuma yana iya matse ma'aunin har bambancin digiri 2 ya yi kama da garwashi. Akwai ma manhajojin waya da ke shafa wa hoto launi kawai, ba su auna komai. Saboda haka lamba za ka tambaya. Ma'aikacin ƙwarai yana kwatanta layuka uku na wutar da juna, a kan nauyi iri ɗaya. Bambancin digiri 1 zuwa 3 a sa ido, 4 zuwa 15 a tsara gyara, abin da ya haura 15 a gyara ba jira. Ya san jan ƙarfe mai sheƙi yana yaudarar kyamara, yana maido mata ɗumin jikin mai ɗaukar hoton, ya kuma san taransifomar da ta wuni a rana ba a yanke mata hukunci da azahar. Sau da yawa ma maganin bai wuce a kashe wuta a goge mahaɗa a ɗaure ƙusa ba.

Idan sun zo muku, ku nemi takardar wanda ya turo su, ku kira ofishin da lambar da kuka sani, ba wadda suka ba ku ba. Ku ce sai mai gyaran wutarku ya zo ya tsaya, shi zai buɗe akwatin, kada yaran wurin su kusanci wuta mai ƙarfin volt 380 da hannu. Ku nemi rahoto a rubuce, hoton zafi da hoton ido gefe da gefe, da digiri, da adadin amfiya, wato yawan wutar da ke bin wayar, da aka auna a lokacin. Wanda ya duba kada ya zama shi ne mai sayar muku da kaya a ranar, kuma duk abin da aka kwance naku ne, kada ya fita ƙofa. Wanda suka riga suka cuta, ya sa a duba abin da suka ɗaura masa yau ɗin nan, don makatsin jabu yana iya ƙin katsewa lokacin da waya ta ɗau wuta, sannan ya kai ƙara wurin ƴan sanda. Don Allah a tura wa ƴan'uwa na Tasawa, Madarunfa da Gidan Rumji.