Ƙaramar Kwamfutar Tebur: A Jira Sabuwa Ko a Sayi Wadda Ke Kasuwa?

Tun da Apple ya fito da injin M5 (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) a watan Oktoba na 2025, ya sanya shi a MacBook Pro da iPad Pro, ake ta raɗe-raɗin cewa Mac mini, ƙaramar kwamfutarsa ta tebur, ita ma za ta samu nata, har wasu masu niyyar saye suka dakata suna jira. Ni a ganina wannan jiran bai da amfani ga yawancinmu. Apple bai bin tsari guda a kan wannan na'ura, domin ya fitar da mai M1 a 2020, mai M2 a farkon 2023, sannan ya tsallake M3 gaba ɗaya ya koma M4 a 2024. Ita kanta mai M4 ɗin, wadda ta fito da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) mai 16GB a kan dala 599, na'ura ce mai ƙarfi da rashin cin wuta, amma RAM ɗinta a haɗe yake da injin, ba a ƙara shi bayan saye, kuma sabuwar da ake jira ma haka za ta kasance.

A ɓangaren sauran kamfanoni kuwa, Intel ya daina ƙera tasa ƙaramar kwamfutar mai suna NUC a 2023 ya miƙa wa ASUS, kuma tsadarta ta fi amfaninta. Ƙananan kwamfutocin kamfanonin Beelink da Minisforum suna da sauri da araha, amma idan suka lalace a Kano ko Maraɗi, da wuya ka samu kayan gyaransu.

Wadda nake ba da shawara a kanta ita ce Lenovo ThinkCentre Tiny, musamman M720q da M920q, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa su shigo mana a matsayin na hannu. Noti ɗaya za ka kwance murfin ya zame, ka tarar da gurbin RAM guda 2 na DDR4, da gurbin SSD (ma'ajiyar fayiloli) irin na M.2, da wurin ƙara wani faifan ajiya. Injinta na Intel ƙarni na 8 ko na 9 ne, wanda ke karɓar Windows 11, abin da ya zama dole tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cajarta tana waje, mai wat 65, bakinta ɗaya da na wasu tsofaffin kwamfutocin ThinkPad na Lenovo, don haka idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu, galibi cajar ce za ta tafi, ka sayi wata ka ci gaba da aiki, kuma ƙaramar inbata ko sola tana ɗaukarta cikin sauƙi.

Sai dai kasuwar na hannu cike take da ha'inci. M710q da M720q kamarsu ɗaya a ido, amma ta farkon injinta ƙarni na 6 ko na 7 ne, kuma Windows 11 ba ta amince da shi a hukumance ba. Kada ka yarda da sitikar da ke jikin akwatin. A kunna a gabanka ka karanta lambar injin, domin i5-6500T daban take da i5-8500T. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirrin tsohon ofishin da ya yi amfani da ita. Akwai kuma SSD na jabu da ke nuna 1TB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ka cika shi fayiloli su fara ɓacewa.

Mafi muni ita ce cajar jabu. Wani mai shago ya taɓa haɗa mini da irinta, ya rantse ta asali ce, ba a jima ba ta ƙona babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard) gaba ɗaya. Ta gaskiya tana da nauyi a hannu, rubutunta a fili yake, kuma ba ta zafi har ta gagari taɓawa. Ka nemi a bar na'urar a kunne tana aiki na ɗan lokaci kafin ka biya, kuma a rubuta maka lambarta a rasit tare da kwanakin garanti.