Hattara da mai tallar "zarton Japan" a lambunan Maraɗi

Salamu alaikum 'yan uwa masu lambu da manoma. Akwai wani mutum da ke zagaya lambunan bakin Gulbi, daga Jiratawa har wajen Tibiri, yana kuma watsa hotuna a zaurukan WhatsApp, wai wata ƙungiya ce ta ba shi zarto ɗan Japan ya raba wa masu sassabin zamani, wato masu renon itatuwa daga kututture a gona, a rabin kuɗi. Zarton da yake nunawa mai kyau ne, har ya yanke maka reshen mangwaro a gabanka. Sai ya karɓi jikka 5 kafin alƙalami, ya ce kaya na hanya. Wasu ba su sake ganin ƙeyarsa ba. Waɗanda ya kawo wa kuwa, gwangwani ne aka shafa wa baƙin fenti a haƙora.

Kada ka ba da ko dala sai ka gwada wanda za ka tafi da shi gida, ba na talla ba. Zarton Japan yana ci ne in ka jawo shi wajenka, ba in ka tura ba. Yawancinsu an ƙona bakin haƙoransu don su yi tauri, shi ya sa suke da duhu. Ka goga magagari, zamewa zai yi. Na jabu kuwa da ƙusa ma sai fentin ya kankare, magagari ya cinye ƙarfen nan take. Ka ɗan lanƙwasa ruwan zarton ka saki. In bai miƙe da kansa ba, mayar masa da abinsa. Sannan ka sa shi a ɗanyen reshe, domin a nan ne mai ƙananan haƙora yake toshewa ya maƙale.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne itatuwan. Nan yankin Maraɗi aka fara sassabin zamani tun 1983, manoma suka yi ta renon gawo da kalgo da sabara daga kututture. Zarto maras kaifi yage ɓawo yake yi ya bar rauni mai faɗi, ruwa ya kwanta, ruɓa da gara su shiga, itacen da aka yi shekaru ana tattali ya lalace.

Duk wanda mutumin nan ya zo wa, ya tambayi sunan ƙungiyar da takardarta, ya kira ma'aikatan gandun daji su tabbatar. In ya fara kame-kame, a sanar da mai gari ko jandarmomi. Don Allah ku karanta wa dattawan da ba su da waya, su ya fi bi.