Kafin ka zuba kuɗinka a ƙauyen bakin teku na Minang: masauki, haya ko sayen fili?

Tun da na sa hotunan Sungai Pinang a status mutane suka dame ni da tambaya, wai nawa ne fili a can, wani ma har cewa ya yi in nemo masa dillali. To bari in amsa gaba ɗaya in huta. Ƙauyen masunta ne a Pesisir Selatan, jihar Sumatra ta Yamma a Indonesiya, kudu da birnin Padang, ƙasar ƙabilar Minangkabau, wato Minang, musulmi ne kusan kaf ɗinsu, kuma a gaskiya wurin yana da shiga rai, ga dutse da daji a bayanka ga teku a gabanka, da dare kana hango fitilun bagan, wato manyan jiragen kamun kifin nan da ke haska ruwa kifi ya taru.

Mafi sauƙi shi ne ka sauka a gidan baƙi na mutanen gari, ka yi sati biyu ko wata. Abinci a gida ake ba ka, shinkafa da gasasshen kifi da barkono, safe da dare, in ba ka son yaji ka faɗa tun ranar farko don su ba sa wasa. Illarsa tsada in zaman ya yi tsawo, tunda kuɗin 'yan yawon buɗe ido ake cajinka. Sama da shi sai hayar shekara, su kontrak suke ce mata, a biya a dunƙule kamar dai yadda muke yi, kuma ni nan na tsaya, nan nake ba kowa shawara ya tsaya tukuna. Sai ka ga damina da idonka, Padang tana cikin garuruwan da suka fi shan ruwan sama a Indonesiya, rufin kwano yana cin tsatsa saboda gishirin iska, kaya suna yin funfuna a cikin akwati, hanya kuma zaftarewar ƙasa na iya tare ta.

Yanzu maganar saye, nan ne aikin yake. Dokar ƙasa ta 1960 ta ce cikakkiyar mallaka, Hak Milik, ta ɗan ƙasa ce kawai. Baƙo mai takardar zama abin da zai iya samu shi ne Hak Pakai, izinin amfani na shekara 30 da ake iya ƙarawa, shi ma da sharuɗɗa, ko ya buɗe kamfanin jarin waje, PT PMA, ya riƙe izinin gini da sunan kamfanin, wannan kuwa sai mai jari da gaske da lauya da akanta, ba na wanda ke son ɗaki biyu da baranda ba ne. Amma ko ka cika duk wannan, a ƙasar Minang akwai wata katangar da ta fi ta gwamnati tsayi. Yawancin gonaki da filaye pusako tinggi ne, gadon dangi da ke bi ta tsatson uwa, daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya mace, kawu wato mamak shi ne mai kula da shi amma ba nasa ba ne. A al'adance ba a sayar da shi, jingina ma sai da dalili huɗu: babban gidan dangi yana yoyo, ko budurwa ta girma ba a aurar ba, ko gawa tana kwance ba abin yi mata sutura, ko za a farfaɗo da sarautar dangi da ta kwanta. Mu da muka saba da rabon gado abin zai ɗaure mana kai, su ma sun sha muhawara a kai, Shehu Ahmad Khatib ɗan Minang ɗin nan da ya yi limanci a Harami ya rasu a Makka a 1916 ya yaƙi tsarin sosai, daga baya aka daidaita a kan dukiyar da mutum ya nema da guminsa a raba ta bisa shari'a, ta kakanni kuma a bar ta a hannun dangi.

Ni kaina saura ƙiris in faɗa tarko. Wani bawan Allah ya zaga da ni wani fili mai itatuwan kwakwa, ya ce nasa ne, in kawo kafin alƙalami a rubuta da sunan wani abokinsa. Washegari ina zaune a lapau, teburin mai shayinsu kenan, ina shan teh talua, shayin da ake kaɗa shi da gwaiduwar ƙwai har ya yi kumfa, sai mai shagon ya ajiye cokali ya tambaye ni, yayar mai filin ta sani? Ashe filin na mata uku ne, ɗaya tana Jakarta tana sayar da abinci. Saye da sunan wani kuwa dokar nan ta 1960 ta ce ɓatacce ne, in rigima ta tashi fili ya koma hannun gwamnati kuɗinka kuma sai dai ka ce Allah ya isa. Masu cewa sai in auri 'yar gari, to ka sani miji a can urang sumando ne, baƙo a gidan matarsa, karin maganarsu ma cewa take shi kamar toka ne a kan kututture, iska kaɗan ta kwashe ta. Kuma sai kun rubuta yarjejeniyar raba dukiya kafin ita ma ta iya riƙe Hak Milik hankali kwance.

Abin da ya rage mai ma'ana shi ne doguwar haya, shekara goma ko ashirin, ka yi ginin katako a kai. A rubuta a gaban notaris, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, mamak ya sa hannu, matan gidan duk su sa, wali nagari wato dagacin wurin ya shaida, kuma a faɗi ƙarara wa zai ci ginin in wa'adi ya cika. Ka auna nisanka da ruwa, doka ta keɓe aƙalla mita 100 daga inda teku ke kaiwa in ya cika. Sannan ka taka da ƙafarka ka ga minti nawa ne zuwa tudu, girgizar ƙasar 30 ga Satumba 2009 ta kashe sama da mutum 1,100 a yankin Padang da Pariaman da ke arewa da ita, a 2010 kuma tsunami ya afka wa tsibiran Mentawai da ke can gaba.

Wane gari kuma? Air Manis tana jikin Padang, asibiti da kasuwa kusa, amma ranar hutu cunkoso ne. Sungai Pisang nan ake hawa kwalekwale zuwa tsibiran Pasumpahan da Pamutusan, mai tunanin sana'ar baƙi ya duba nan. Sungai Pinang ta fi shiru, netwok sai a hankali. Gefen Pariaman ya fi kusa da filin jirgi ga jirgin ƙasa zuwa Padang, sai dai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tudu da nisa.

Zuwa kuwa, daga Kuala Lumpur kamar awa ɗaya ne a jirgi, daga Jakarta bai kai biyu ba, masu zuwa sarin kaya kasuwar Tanah Abang ta Jakarta sai su haɗa tafiyar. Daga filin jirgi ka ɗauki shatar mota in kana da kaya, ɗan acaba da suke kira ojek ya fi araha amma hanyar Bungus zuwa Mandeh, wadda ake bi zuwa Sungai Pinang, hawa ce da gangara da kwana-kwana. Mai fasfon Najeriya ya fara da biza kafin komai, mun daɗe a jerin ƙasashen da sai an yi musu tantancewa ta musamman daga Jakarta da wanda zai tsaya maka a can, kar ka yanki tikiti sai ta fito.