St Davids ko St Asaph: ina ya fi dacewa da iyali mai kare da ke neman gidan hutu mai bahon ruwan zafi?

Malama, kin ce ku biyar ne za ku tashi daga Manchester a hutun makaranta na ƙarshen watan Mayu, ke da maigida da yara biyu da surukarki, tare da karenku, kuma kuna neman ƙaramin gidan haya na kwana huɗu wanda yake da bahon ruwan zafi a tsakar gida, sai dai kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin kewayen St Davids da kewayen St Asaph. Na kwana a wuraren biyu da kare, kuma shawarata ita ce ku nufi St Asaph a wannan karon, ku ajiye St Davids zuwa watan Oktoba, duk da cewa a zuciyata St Davids ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Dukansu biyu a yankin Wales na Birtaniya suke, kuma sunan birni suka samu daga gidan sarauta, amma a ido ƙauyuka ne manya. St Davids, wanda masu harshen Wales ke kira Tyddewi, shi ne birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, mutanensa ba su kai 2,000 ba, kuma yana can ƙurya a yammacin gundumar Pembrokeshire inda ƙasa ta ƙare teku ya soma. Babbar majami'arsa, wadda aka fara ginin da ake gani yanzu a 1181, tana kwance ne a cikin kwari, ba a ganinta sosai sai an zo ƙofar da ake gangara mata ta matakala 39, abin da ya kamata ki sa a lissafi idan gwiwoyin Mama, wato surukarki, suna damunta. St Asaph, wato Llanelwy, yana arewa a gundumar Denbighshire, da mutane wajen 3,500, kuma sai a 2012 ya zama birni. A harabar majami'arsa akwai ginin tunawa da William Morgan da abokan aikinsa, wanda fassararsa ta Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Wales ta fito a 1588. Gari ne da za ku gama zagayawa kafin shayi ya huce, saboda haka abin da ke kewaye da shi za ku je wa, ba shi kansa ba.

Hanya ce ta fara raba gardamar. Daga Manchester zuwa St Asaph tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a kan M56 da A55, titi mai faɗi har ƙofar gari. Zuwa St Davids kuwa kusan mil 200 ne, mafi yawansu a kan hanyoyi masu lanƙwasa da ke ratsa garuruwa, inda tun Satumba 2023 aka mayar da gudun cikin gari mil 20 a awa a wurare da yawa na Wales, don haka awa biyar ba za ta ishe ku ba idan aka haɗa da tsayawar da kare da yara za su tilasta muku. A hutun kwana huɗu, hakan na nufin yini biyu sun tafi a mota. Jirgin ƙasa ma bai kai St Davids ba, sai dai a sauka a Haverfordwest, mil 16 daga garin, a shiga bas. Tunda akwai tsohuwa a tafiyar, ki sani kuma cewa asibitin Glan Clwyd yana Bodelwyddan, 'yan mintuna daga St Asaph, alhali na kusa da St Davids shi ne Withybush a can Haverfordwest.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba sa sani sai sun isa, shi ne dokar bakin teku. Whitesands, yashin da ya fi kowane suna a kusa da St Davids, wanda hotonsa ne ke jan hankali a yawancin tallace-tallacen gidajen, an haramta wa karnuka shi gaba ɗaya daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, kuma a Newgale ma akwai ɓangaren da aka hana su a wannan lokacin. Tsibirin Ramsey, da ake shiga kwalekwale zuwa gare shi daga St Justinian, wurin ba tsuntsaye kariya ne, ba a sauka da kare. Abin da ya rage muku a Mayu shi ne ƙananan wurare irin su Caerfai, mai nisan kusan mil ɗaya daga tsakiyar gari, wanda gangararsa ke da tsauri kuma yashinsa ke ɓacewa idan teku ya cika, sai Abereiddy da mashigar Solva. Ita ma hanyar ƙafa ta gaɓar Pembrokeshire, mai tsawon mil 186, ba ta da na biyu wajen kyau, amma a wurare da yawa tana bin bakin dutse ne mai zurfi ƙwarai a ƙarƙashinsa, kuma a lokacin ɗumi akwai maciji mai dafi da ke shan hantsi a gefenta, don haka igiya ba za ta bar hannunki ba.

A arewa lamarin ya fi sauƙi. St Asaph ba a bakin teku yake ba, Rhyl tana da nisan kusan mil 6, kuma ita da Prestatyn suna da nasu ɓangarorin da ake hana karnuka a lokacin zafi, amma Talacre, mai tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, a buɗe take ga karnuka duk shekara, da yashi mai faɗin da kare zai yi gudu har ya gaji ya dawo da kansa. A cikin garin akwai hanyar ƙafa shimfiɗaɗɗiya a bakin kogin Elwy wadda Mama za ta iya takawa, sannan idan maigida da yara suna son hawa, ga Moel Famau mai tsayin mita 554 a tsaunukan Clwyd, ga kuma tsofaffin ganuwoyin Rhuddlan da Denbigh a kusa. Ba zan ɓoye miki ba, teku a nan bai kai na Pembrokeshire tsabtar gani da kwarjini ba, kuma gidan da ke dab da A55 ba ya rabuwa da ƙarar motoci, don haka ki nemi na ƙauyukan da ke gefen tudu, irin su Tremeirchion da Bodfari, ko wajen Trefnant da Henllan. Kogin Elwy ya taɓa yin ambaliyar da ta shiga ɗaruruwan gidaje a Nuwamba 2012, kuma ko da yake an ƙarfafa gaɓarsa daga baya, tudu ya fi kwanciyar hankali da kyan kallo.

Inda wuraren biyu suka yi kunnen doki shi ne tumaki. Yawancin gidajen da ke da bahon ruwan zafi tsofaffin rumbuna ne da ɗakunan gona da aka gyara, kuma a ƙarshen Mayu 'ya'yan tumaki suna ko'ina. Tun 1953 doka ta mayar da korar dabbobi da kare ke yi laifi a kan mai karen, kuma akwai yanayin da doka ke kare manomin da ya harbe karen da ke bin garkensa. A filayen da aka buɗe wa jama'a, dole kare ya kasance a gajeriyar igiya wadda ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Wannan ne ya sa nake ɗaukar shinge da muhimmanci fiye da duk wani abin da ke cikin talla. Na taɓa kama wani gida da aka rubuta cewa lambunsa a killace yake, muka isa da magariba muka tarar da katangar duwatsu da ba ta wuce gwiwata ba, ga wata kafa a kusurwa inda duwatsun suka zube, ga tumaki suna kiwo a bayanta. Kwana ukun da muka yi, ko fitsarin asuba sai na fita da karen a igiya cikin yayyafi, kuma ban zauna a bahon nan da natsuwa ko sau ɗaya ba. Ki rubuta wa mai gidan ki tambayi tsayin shingen da abin da aka yi shi da shi, ki nemi hoton ƙofar lambun, ki kuma ji ko akwai dabbobi a gonar da ke makwabtaka.

Shi kuma bahon, iri biyu za ki tarar a duka yankunan. Akwai mai lantarki, wanda ke riƙe zafinsa dare da rana yana kuma tura ruwa da kumfa, akwai kuma na katako da ake hura wa itace, wanda ya fi yawa a gidajen gona da bukkokin da ke nesa da gari. Na itacen yana da daɗin kallo, amma yakan ɗauki awoyi kafin ya yi zafi, sai an tsaya ana ƙara itace ana juya ruwan, kuma murhunsa yana ƙuna, abin da ba na so a inda yara da kare ke kai da kawo. Ga iyali irin naku mai lantarki ya fi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tsabtar ruwan, domin ruwan ɗumi da ba a kula da shi ba gida ne na ƙwayar cutar Legionella, wadda ake shaƙa a cikin feshin ruwan da ke tashi a iska ta kama huhu, kuma tsofaffi ta fi yi wa illa. Ƙa'idar hukumar kula da lafiya da kariya a wurin aiki ta Birtaniya ita ce a zubar da ruwan a sake sabo tsakanin baƙi da baƙi, ko duk mako, wanda ya riga zuwa. Saboda haka idan mai gida ya ce muku ruwan ba zai gama zafi ba sai dare ko washegari, alama ce mai kyau, domin sabon ruwa ya zuba. Ki tambaye shi wa ke auna sinadarin kulorin ko buromin a kwanakin da kuke ciki, kuma sau nawa. Zafin kada ya wuce digiri 40, zama kada ya wuce kamar minti 15 a lokaci ɗaya, ƙananan yara da mai juna biyu su haƙura, Mama kuma ta ji ta bakin likitanta idan tana fama da hawan jini ko ciwon zuciya. Kare ba ya shiga ko kusa, domin da haki yake fitar da zafin jikinsa, ruwan zai galabaitar da shi cikin ɗan lokaci, kuma gashinsa na toshe matatar, wanda ku za a caje kuɗin gyaranta. A riƙa mayar da murfin a kulle da zarar an fito.

Iska ma tana da nata hukuncin. A kewayen St Davids ƙasar fili ce fetal, bishiyoyi kaɗan ne, iskar teku na kaɗawa ba shamaki, don haka bahon da ba shi da rumfa ko katanga ta yamma zai iya zama abin kallo kawai ta taga. Idan kuwa dare ya yi tsit, taurarin da za ki gani daga cikin ruwan a can ba za ki gan su a kwarin Clwyd da St Asaph ke ciki ba, inda hasken garuruwan gaɓa ke dusashe sama.

Game da damuwarki cewa Mama ba ta son kare a inda take kwana da salla, dokokin gidajen ma suna bayanta, domin yawancinsu sun hana kare hawa bene ko gado ko kujera, kuma sun hana a bar shi shi kaɗai a gida. Ki nemi gida mai daɓen tayil ko katako a ƙasa maimakon kafet, mai ɗaki guda a ƙasa da ƙofar da ke rufuwa, ku kuma tafi da shimfiɗar karen da kwanukansa da tsofaffin tawul na goge ƙafa.

Ta fuskar kuɗi, St Davids ya fi tsada a hutun makaranta, kuma masu gidaje da yawa a can ba sa bayar da ƙasa da mako guda a irin wannan lokacin, alhali a kewayen St Asaph an fi samun na kwana uku ko huɗu. A duka biyun ana yawan ƙara kuɗi daban a kan kowane kare, wasu kuma suna karɓar kuɗin ajiya na ɓarna, don haka jimillar ƙarshe za ki kwatanta, ba farashin da ke saman talla ba. Tun Afrilu 2023 sai gidan hutu a Wales ya samu baƙi na kwana 182 a shekara kafin a lissafa shi a harajin kasuwanci, abin da ke sa masu gidaje son cike kwanakin kaka da hunturu, kuma a nan ne damar St Davids take. Daga 1 ga Oktoba Whitesands ya buɗe wa karnuka, cunkoso ya ragu, ruwan zafi ya fi daɗi a sanyin yamma, sai dai a lokacin dabbobin tekun nan da ake kira sil suna shayar da jariransu a ƙananan lungunan gaɓa, don haka ko a can ma za ku riƙe karen a igiya duk inda kuka hango su. Idan za ku je, ku ɗauki mako cikakke, ku nemi gida tsakanin Solva da St Davids, inda shago da wurin cin abinci ba su yi muku nisa ba.