Shekara uku a kwalejin koyon aikin jinya: abin da na tarar a aji da bakin gadon mara lafiya

Tun ranar da na fara fita aiki da fararen kaya, da wuya mako ya wuce ba a turo mini wata yarinya ko an kira ni a waya ana tambayata ko kwalejin da na yi karatun jinya ta cancanci a kai 'ya ko ɗa. Amsar da nake bayarwa a tsaitsaye a ƙofar gida ba ta taɓa gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake. Kwalejin ta gwamnatin jiha ce, tana jingine da babban asibitin jihar, kuma ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai gazawar da zan faɗa, alhali waɗanda suka koyar da ni a cikinta suna da haƙƙi a wuyana.

Na shiga ne a tsarin shekara uku wanda ke kai ɗalibi ga rajistar RN, wato zama nas mai rajista, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, wadda kuma kowa a makaranta yake kira Kansil. Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A 'yan shekarun nan kwalejoji da yawa sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma, na shekara huɗu, inda ake shiga ta hanyar JAMB, don haka wanda zai nema yanzu ya fara tambayar wane tsari ake bi.

Wata shida na farko, da ake kira PTS, wato zangon share fage, su ne matatar makarantar. A cikinsu ake ɗora wa ɗalibi ilimin sassan jiki da yadda kowanne yake aiki, da tushen aikin jinya, da ilimin ƙwayoyin cuta, kuma yarinyar da ta fito daga sakandare jiya za a bukaci ta san ƙasusuwa 206 na jikin baligi da hanyar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu ya dawo, ta kuma zana su da hannunta. A ƙarshen watannin ana yin jarrabawar tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Na ga ƙawaye sun bar ɗakin kwana suna kuka, kuma har yau abin yana taɓa ni, amma ba zan ce an zalunce su ba, domin an liƙa sakamakon a allo kowa ya gani, kuma ban ga wadda ta tsallake da alfarma a ajinmu ba. Wannan gaskiyar ita ce abu na farko da nake yaba wa kwalejin, domin ita ta sa bikin sa mana hular nas da ya biyo baya ya yi mana daraja a zuci.

A ɓangaren lakca, malaman sun kasu biyu. Akwai waɗanda suka daɗe a asibiti kafin su dawo aji, kuma duk abin da suka faɗa za ka ji ƙamshin gogewa a cikinsa. Malaminmu na ilimin magunguna yana cikinsu. Ba ya yarda a haddace lissafin ƙarin ruwa kamar karatun aku. Sai ya rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusar allo, ya ce likita ya rubuta lita ɗaya cikin awa takwas, igiyar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, to ɗigo nawa za a sa a minti? Idan ɗaliba ta lissafa ta ce 42, ba zai ce ta zauna ba, sai ta fito ta murza makullin igiyar tana duban agogo har ɗigon ya daidaita. Ya kan ce wanda ya yi kuskure a takarda maki kawai ya rasa, wanda kuwa ya yi shi a jikin jariri ya cika masa huhu da ruwa. Sai kuma ɗaya rukunin, masu shigowa su yi shifta daga tsohuwar takarda awa biyu cur, su fita ba tambaya ba amsa, daga baya a ce a sayi kwafinta. Ba su ne mafi yawa ba, amma darussa masu nauyi sun faɗa hannunsu, kuma gurbin da suka bari da kanmu muka cike shi da daddare, a ƙarƙashin fitilar waya idan an ɗauke wuta.

Ɗakin gwaji, inda ya kamata a koyi kowane aiki a jikin mutum-mutumi kafin a taɓa ɗan Adam, shi ne wurin da kwalejin ta fi ba ni takaici. Ɗakin yana da tsafta, gadajen a gyare, amma kayan sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawanmu. Hannun robar da ake koyon sa kanula, wato siririyar robar da ake zurawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, ya sha huda har jijiyarsa ta daina riƙe ruwa, kuma na'urar awon hawan jini mai lafiya ba ta isa a raba mu rukuni-rukuni ba, saboda haka mutum biyu ko uku ne ke gwadawa, sauran suna leƙe ta kafaɗar juna. Gani ga wane ba ya koyar da hannu. Sakamakon haka shi ne ayyuka da dama, irin su sa robar fitsari da robar abinci ta hanci, a jikin mara lafiya na gaske muka fara yin su, kuma wannan ba adalci ba ne gare shi, ba kuma adalci ba ne ga ɗalibar da hannunta ke rawa.

Abin da ya fanshi wannan gazawar shi ne asibitin. Kwalejin da ke jikin babban asibiti tana da arzikin da gini mai kyau ba ya sayowa, wato marasa lafiya iri-iri, daga mai ciwon suga da ƙafarsa ta ruɓe zuwa yaro mai sikila da ke murƙususu, zuwa mai ciki da aka kawo tana jijjiga. An zagaya da mu ɗakin maza, ɗakin mata, ɗakin yara, tiyata, ɗakin haihuwa da sashen gaggawa, da aikin safe da na yamma da na dare. A ɗakin maza na haɗu da wata metiron, wato babbar nas, wadda nake ganin ita ta mayar da ni nas. An kwantar da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki wanda ba ya magana, aka ce in juya shi, na zo na kama zanin gadon kai tsaye. Sai ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yata, wannan sa'an mahaifinki ne. Ki yi masa sallama, ki gaya masa abin da za ki yi, ko da kina ganin ba ya jin ki." Na sunkuya na ce, "Baba, sannu da jiki, za mu juya ka ɓangaren dama." Ya lumshe ido ya buɗe. Daga nan ta nuna mini wuraren da gyambon kwanciya ke fara ɓullowa, ƙugu da dunduniya da kafaɗa, ta sa na danna fatar da yatsa in ga ko jan zai washe, ta kuma kira ɗansa da ke jinyarsa ta koya masa juyi duk bayan awa biyu da yadda ake tokare baya da matashi. Dattijon ya yi makonni a gadon nan, aka sallame shi fatarsa ba ko ƙwarzane.

Sai dai irin wannan koyarwa sa'a ce, ba tsari ba, kuma nan ne babban ƙorafina yake. A ƙa'ida kwaleji tana da malaman da aikinsu shi ne su bi ɗalibai cikin asibiti su tsaya a kansu, amma a wasu ɗakunan sai mu yi wata guda ba mu ga ƙeyar ko ɗaya ba. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, ɗalibi ya kan zama ɗan aike, daga karɓo sakamakon gwaji sai kai fayil, ko kuma a sakar masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Ba na manta wani dare a ɗakin yara, lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje har ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya, nas guda ce tal a bakin aiki, sai mu ɗalibai biyu 'yan shekara ta biyu. Wajen ƙarfe uku na ga hannun wata yarinya ya kumbura ya yi sanyi a gefen kanula, ruwan ya bar jijiya yana shiga tsoka. Na rufe igiyar, na je na kira nas ɗin, wadda a lokacin take kan wani yaro mai suma, ta ce in cire in ɗaga hannun, za ta zo. Ta zo, ta sake sa wata a ɗaya hannun, yarinyar ta samu lafiya. Ban ga laifin baiwar Allahn nan ba, domin ta yi iya ƙoƙarin mutum ɗaya, amma na kwana ina tunanin abin da zai faru da a ce ban taɓa ganin irin wannan kumburin ba. Littafin da ake sa hannu a kan duk aikin da ɗalibi ya iya shi ma ya rasa ƙimarsa a wasu wuraren, domin a kan tara shi ne a ƙarshen zango a sa hannu a jere, ba tare da mai sa hannun ya ga an yi aikin ba.

Akwai kuma giɓin da ban taɓa jin an ɗauke shi a matsayin giɓi ba, wato harshe. Duk karatun da Turanci ake yin sa, jarrabawa ma haka, amma kusan duk wanda za ki tsaya a kansa da Hausa zai gaya miki ciwonsa, wani ma da Fulatanci. Babu darasi ko ɗaya da ya koya mana yadda za a fassara wa uwa cewa maganin nan duk bayan awa takwas ake sha, ba safe da rana da dare kawai yadda ya samu ba, ko yadda za a fahimtar da miji cewa jijjigar matarsa daga hawan jini take, ba iska ba ce, ba tare da an ci masa fuska ba. A zaman da muka yi a ƙaramin asibitin wani ƙauye na ji wata jami'ar lafiya tana koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari. Ba ta ce mata lita ɗaya ba, sai ta ce ta juye ledar fiyawata biyu a kwano mai tsafta, ta zuba ƙunshi ɗaya na garin maganin, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a sake sabo. Na yi shekara biyu ina rubuta lita a takarda, amma a ranar na san yadda ake faɗinta. Da kwalejin za ta ware ko da awa ɗaya a mako ga irin wannan, da ta yi wa marasa lafiyar jihar babban gata.

Zaman asibitin masu taɓin hankali ya tafi da tsari fiye da sauran, kamar yadda ɗaliban arewa da ke zuwa irin su Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato suke shaida, kuma na dawo daga can da tausayin da ban je da shi ba. Ɗakin kwanan ɗalibai kuwa akwai cunkoso da ƙarancin ruwa, ko da yake tsaronsa ya sa iyaye suna barci da ido biyu rufe. Batun kuɗi shi ne a sani cewa abin da aka rubuta a takardar shiga ba shi ne ƙarshe ba, domin akwai na ɗinkin kayan aiki, da na rajistar suna a Kansil, da na mota zuwa wuraren da ake turawa, da na buga aikin bincike, da na jarrabawar ƙarshe, kuma ya kamata a gaya wa iyaye wannan tun ranar farko maimakon a riƙa tsinto musu shi ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar ƙarshe kwalejin ta nuna ta san abin da take yi. Kafin a tura sunan kowa Kansil sai ya ci jarrabawar cikin gida, wadda a ganina ta fi ta Kansil ɗin tsanani. Jarrabawar Kansil ta rubutu a kwamfuta ake yin ta, ta aiki kuma tasha-tasha ce, a buga ƙararrawa ka bar wannan tebur ka koma na gaba, a nan ka wanke hannu ka shirya kayan wankin ciwo, a can ka auna bugun jini ka rubuta. Malamai sun yi ta maimaita mana wannan da agogo a hannu har tsoron ƙararrawar ya fita daga ranmu, sai dai ƙawayena da suka taso a ƙauye sun sha wuya da kwamfuta, domin ɗakin kwamfutar bai cika buɗewa ba sai da jarrabawa ta ƙarato.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai 'yarsa, ina ce masa ya kai ta, amma kafin ya biya ko sisi ya tabbatar Kansil ta amince da makarantar kuma ba ta ɗiban ɗalibai fiye da adadin da aka ƙayyade mata, domin wanda ba a yi wa rajistar suna ba ba zai zauna jarrabawa ba ko da ya gama shekarunsa. Sannan ya shiga asibitin da safiyar wata ranar aiki, ya duba ko akwai malamin kwaleji tsaye tare da ɗalibai a bakin gado. Ƙanwata ta cike fom ɗin wannan kwalejin bana, kuma tun kafin sakamako ya fito na saya mata na'urar awon hawan jini tata ta kanta da agogo mai hannun daƙiƙa, kullum bayan sallar magariba tana gwadawa a hannun Inna ina tsaye a kanta ina gyara mata.