Magina da suka gyara mini gida a Aboabo

Sana'ata sayen tsofaffin gidaje a Kumasi, in gyara, in sayar. Bana na ba wani ƙaramin kamfanin magina da ke Asawase aikin wani gidan haya a Aboabo, wanda damshi ya cinye gindin bangonsa, kwanon rufinsa kuma ya yi tsatsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, shugabansu ya ƙi taɓa bulo ko ɗaya sai da na binciki takardun a Hukumar Filaye, domin yawancin filayen Kumasi na sarautar Asante ne, kuma mai saye yakan fara tambayar shekarun da suka rage a yarjejeniyar hayar filin kafin ya dubi fenti. Sun kankare filastar da ta ruɓe, suka gyara magudanar ruwa, sannan suka shafe bangon. Da yawa sukan lulluɓe damshin da fenti kawai, damina ta tona asiri.

Sai dai sun makara da mako uku, kuma kuɗin siminti ya zarce lissafinsu na farko. Aikin kafintansu ma bai kai na maginan ba. Duk da haka, zan sake kiransu, amma da rubutacciyar yarjejeniya kan lokaci.